Awon Jinin Auta

"Ɗari da hamsin da takwas," in ji nas ɗin. "Karo na uku ke nan."

Auta ta ce injin ne ya lalace. Injiniya, wanda ya yi shekara biyu yana neman aurenta, ya kalli silin.

Likita bai ga laifin injin ba. Ya ce maganin larurar rashin natsuwa, wato ADHD, da take sha, wanda ya sa a shekara talatin da ɗaya ta fara gama aiki kafin ta tsiri wani, yana iya ɗaga jini kaɗan. Mai hawan jini zai iya sha, muddin jinin na zaune kuma ana bibiya. Ya ba ta mako biyu ta riƙa awo a gida, kullum bayan zaman minti biyar shiru. In bai sauka ba, zai dakatar da maganin.

"Minti biyar... shiru?" in ji Auta.

"Ranki ya daɗe, ba ɗaurin rai da rai ba ne," in ji Injiniya.

"Gare ka."

Ba ta taɓa kai minti biyu ba. Ga kuma mai kemis, 'yar ƙanwar Mama mahaifiyar Injiniya, wadda ta daɗe da ɗinka wa kanta kayan amarcin Injiniya a zuci, ta kai rahoto cewa amarya 'yar ƙwaya ce. Mama ta ce a dakata da maganar aure.

Rana ta tara Mama ta zo da kanta, ba sanarwa, don ta ga 'yar ƙwayar. Ta tarar da ita tsaye a falo, abin awo ɗaure kan hannun riga, tana waya tana neman makulli.

Mama ta shekara ashirin da hawan jini. Za ta iya yafe abubuwa da yawa, ban da wannan.

"Wa ya koya miki awo a tsaye? Zauna. Sauke ƙafar nan. Naɗe hannun riga."

"Mama, dama ina so in yi miki bayani..."

"Rufe baki."

Tsoron suruka ya yi abin da likita da masoyi suka kasa. Ɗari da talatin da biyu.

Mama ta duba kwalin maganin, ta ga sunan asibiti, ta yi tsaki, ta ce gobe ƙarfe bakwai za ta dawo.

Likita ya bar ta ta ci gaba da shan maganin. Aka ɗaura aure.

Injiniya ya so ya karɓi aikin awon, ya ce ai shi ne miji.

"Kai?" in ji Mama. "Kai da take gani ta yi dariya?"