Wuƙar Sabuwar Doya

Yara, ku zo ku ji yadda aka ci mutuncina a cikin maƙerata. Ni Obiora, wanda duk garin Awka babu mai gashin baki irin nawa!

Akwai ɗiyar ƙanwata, tana aji shida. Idan an tashi makaranta takan biyo ta koyi washi. Na ba ta ɗan jagora, wato katako mai gangare da ake ɗaure wuƙa a jikinsa. Shi ke riƙe ta a karkace ɗaya, har dutsen inji ya ci bakinta daidai.

Wata rana ta ce, "Kawu, kai fa ban taɓa ganin ka da shi ba."

Na murza gashin baki. Na ce, "Wa, ni? Ai na 'yan koyo ne. Ni idona ya ishe ni."

Ana gobe bikin sabuwar doya, mahaifiyata ta aiko da wuƙar marigayi Baba don a wasa ta. Da hannunsa ya ƙera ta. Da ita ake yanka doyar farko kowace shekara. Na ajiye ta, na zaga cin abinci.

Yarinya ta ga fili. Ta ture jagora gefe, ta kunna inji, ta riƙe wuƙa da hannu.

Da na dawo, na tarar tana hawaye. Gefe ɗaya na bakin wuƙar ya ci da faɗi, ɗayan ɗan siriri. Muka gwada a jikin rogo, wuƙa ta bauɗe kamar akuya ta ga kare.

Sai ga Mama da kanta. Na yi wuf na ce, "Mama, injin nan ne yake…"

Yarinya ta ce, "Kaka, ni ce. Na ƙi sa jagora. So nake in zama kamar Kawu."

Mama ta dube ni sama da ƙasa. Ta ɗaga tsumman da ke ƙarƙashin bencina. Ga nawa jagoran, duk ya suɗe don aiki!

Ta ce, "Uwata, kin ga idon kawun naki. Uban wannan maƙaryacin ma da shi ya yi aiki har ya tsufa."

Na ce, "Haba Mama, a gaban yara?"

Yarinya ta share hawaye. Ta ce, "Kaka, a bar ni in gyara."

Ta ɗaure wuƙa a jagora. Ta shafa tawada a bakinta, don ta ga inda dutse ke ci. Ta ja sau ɗaya, ta tsoma a ruwa kada ƙarfe ya ƙone. Ta juya, ta sake ja. Ba gaggawa. Ni da na yi shekara talatin a sana'a, sai na saki baki ina kallo.

Washegari wuƙa ta ratsa gasasshiyar doya, sumul. Ta ɗan rage faɗi, amma ta Baba ce dai. Mama ta dangwala yankin farko a manja, ta tsallake ni, ta miƙa wa yarinya.

Yara, kada ku raina abin da ke yi muku jagora. In kun yi kuskure, ku faɗa, ku gyara.

Ni ma na fito da nawa, yana kan benci. Amma gashin baki kam, har yanzu ba ta kamo ni ba.