Shinkafar Matattu

A kan abinci rigimar ta tashi, a ɗan falonsu na unguwar Suwaidi a Riyad. Muhibba ta yi tuwo da miyar kuka har da man shanu, amma mijinta Sadiƙ ya kalli kwanon kamar ƙasa aka zuba masa. Tun da ya dawo daga Kambodiya haka yake, kullum sai ramewa.

Direba ne, kafilinsa, wato ubangidansa, ya ja shi yawon buɗe ido don riƙon jaka. Sai da Muhibba ta fashe da kuka ya faɗa mata abin da ya faru. A wani tsohon gidan bauta na mutanen Khmer, inda saiwoyin itace suka shaƙe bango, yunwa ta kama shi. Ya ga dunƙulen shinkafa a ganyen ayaba an jera a bakin ƙofa. Bawan Allah ya saba da Riyad, inda abin da aka ajiye a ƙofar masallaci sabil ne, kowa ya ɗauka. Ya yi bismilla ya ci. Daga baya aka gaya masa rabon matattu ne.

"Tun ranar ba na jin ɗanɗanon komai, Muhibba... sai irin nasu."

An yi ruƙiyya, an sha zamzam, shiru kake ji. Mahaifiyarta Gogo ta bugo daga Gusau, ta ce ba ta haifi 'ya don aljanun wata ƙasa ba, Muhibba ta tattara kayanta, wanta Badamasi zai zo daga unguwar Manfuha ya ɗauke ta bayan la'asar. Gogo kuwa ba ta magana biyu.

Muhibba na son mutumin nan kamar ranta. Da hantsi ta je kasuwar Batha ta sayo madarar kwakwa da kifi da ganyen ayaba, ta turara shinkafa yadda ya kwatanta mata. Wallahi da ya ji ƙamshin, nan take ya jawo kwanon. Ya zauna yana ci ido a rufe, yana wani murmushi da ba ta taɓa gani a fuskarsa ba. Ta tsaya tana kallonsa.

A ƙasa Badamasi ya danna hon. Ta dubi akwatinta, ta dubi mijinta, sai ta cire abaya ta wanke hannu.

Ya buɗe ido ya riƙe mata hannu. "Kar ki ci, masoyiyata... don Allah."

"Tun da aka ɗaura mana aure kwano ɗaya muke ci, Sadiƙ."

Ta kai loma baki, hawaye na zuba. Daɗin da ta ji ne ya ba ta tsoro.