Tafarnuwa a Kumatun Auta

Auta ta rufe keken ɗinkinta, ta zauna gaban madubi tana sharar hawaye. Ƙuraje ne suka feso mata a goshi da kumatu, ga shi jibi mahaifiyar saurayinta, malamin lissafin nan mai kunya, za ta zo ganinta. Shi dai ya gani ya ce yana so. Amma bai ɓoye mata ba, in Mama ta ce a'a, ba zai iya tsallake maganarta ba.

Nan fa kowa a gidan ya zama likita. Yaya ta matso lemon tsami, Gwaggo ta daka tafarnuwa, har Kawu da ya shigo aron caja ya rantse man goge baki ne maganin. Auta kuwa ba ta iya ce wa babba a'a, sai ta shafa duka. Kafin gari ya waye fuska ta ƙone, kumatun hagu har ya saɓule.

Ranar zuwan, Gwaggo ta shigo da hoda mai kauri, ta ce ko a lafta a rufe wurin, ko a ce Auta ta yi tafiya.

"Gwaggo, ki yi haƙuri," in ji Auta. "In na ɓoye yau, gobe fa? Da wannan fuskar zan zauna da su."

Ta wanke fuska ta fito falo haka nan, ta durƙusa ta gaida baƙin. Wallahi yarinyar nan ta yi ƙoƙari. Ƙanwar malam da ta rako Mama ta taɓe baki, ta ce ashe hoton waya duk filta ne.

Mama ta harare ta, sannan ta daɗe tana kallon Auta.

"Tafarnuwa ce ko, 'yata?"

Auta ta gyaɗa kai. Sai dattijuwar ta juya nata kumatun, ta nuna wani tsohon tabo, ta ce ita ma tana budurwa haka 'yan'uwa suka yi mata gata. Ta jawo Auta kusa, ta ce daga yau ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙarfi safe da yamma, in ciwon ya warke ɗan zuma kaɗan, a riƙa wanke rigar filo, hannu kuma ya bar matsa. In abin ya ƙi, ita da kanta za ta raka ta wurin likitan fata.

Gwaggo ta fara kame-kame, wai da ma fuskar ba haka take ba. Mama ta katse ta da murmushi.

"Ƙuraje ai warkewa suke yi. Ni hali na zo dubawa, na kuma gani. Ku sa mana rana."

Sai da aka yi watanni kafin fuskar ta kwanta, har ranar aure da sauran tabo, ango kuwa bakinsa ya ƙi rufuwa. Fata haƙuri take so, aure kuma gaskiya. Da Auta ta shafa hodar nan, da Mama ba ta ga abin da ta zo nema ba.