Saƙon da Laila Ba Ta Rubuta Ba

"Ke kika rubuta, Laila! Daga akwatin imel ɗinki ya fito!"

"Wallahi ban rubuta ba... Ni zan ce na gaji da jiranka? Ni zan nemi takardata?"

"Har sunan da nake kiranki da shi a ɗaki yana ciki. Wa ya san shi bayan mu biyu?"

Ƙit! Mijinta Mahbub ya kashe wayar. Ta tsaya a shagon buga waya riƙe da kan wayar, hawaye na sauka.

Wata bakwai da aurensu ya tafi karatu Malesiya, ya bar ta wajen mahaifiyarsa Hajiya a Agege, cikin Legas. Duk Asabar takan tsallaka layin dogo zuwa shagon intanet ta zazzage masa zuciyarta. Ba ta da wata hira sai wannan.

Yayanta Shamsu, mai gyaran kwamfuta a Ikeja, ta kai wa kuka. Washegari suka je shagon intanet ɗin tare, ya zauna a kujerar da Jumare mai kula da wurin yake ajiye mata kusa da fanka. Ya jima yana dube-dube.

"Inna lillahi! An dasa wani abu a injin nan, ƙanwata. Duk harafin da kika danna yana kwashewa, har kalmar sirrinki."

Jumare ya yi tsuru-tsuru. Shamsu ya ci kwalarsa.

"Sonta nake yi..." in ji Jumare. "Na ga ya bar ta ita kaɗai."

Laila ba ta ko dube shi ba. Ji ta yi kamar an yaye mata mayafi a tsakiyar kasuwar Mile 12.

A Ikeja Shamsu ya buɗe mata sabon akwati a injinsa. "Kada ki ƙara yarda da injin da ba ki sani ba. In kin gama kuma, ki rufe."

Ta rubuta wa mijinta komai. Shiru, har damina ta tsaya.

Ranar da amsar ta zo, layi ɗaya ne: "Ki yafe mini, hasken idona. Kunya ce ta hana ni magana."

Ta yi kuka mai isarta. Ta ɗora yatsu ta rubuta "Masoyina", ta waiga bayanta, ta goge.

"Na yafe. Hajiya na gaishe ka," kawai ta tura.

Sauran ta adana, sai ya dawo ta faɗa masa a kunne.