Shayin da Ratri Ta Zuba

"Ba zan fita ba, Mas Galih... wallahi tsoro nake kada hannuna ya kuskure."

"Dik Ratri, hannun da ya shekara biyu yana zuba mini shayi?" Saurayina ya rage murya daga bakin ƙofar kicin; haka muke kiran juna a yarenmu, Mas yaya, Dik ƙanwa. "Fito mana, hasken idona."

"Ka rasa sunan da za ka sa wa makauniya sai wannan!"

Dariya ta kuɓuce mana.

A garinmu in dangin saurayi suka zo ganin yarinya, ita ke zuba musu shayi da hannunta. Mahaifiyar Galih, Bu Sumirah, tuni ta faɗa masa ra'ayinta: wadda ba ta ganin bakin kofi, yaya za ta riƙe gida? Ƙanwarta Bulik Tumini kuwa sai hura wuta take, don tana da 'yar da take yi wa tanadinsa.

Ni ban iya gardama ba, labari na iya. Kullum bayan la'asar ina ba da shi a ƙaramin gidan rediyon garinmu, labarin Ningsih, makauniyar da ke son wani mai sayar da awara. Galih ya ce mini uwarsa tana jin muryata take kashe rediyon.

Na fito da butar shayi, na durƙusa gaban baƙin, na laluba kofin farko, na fara zubawa ina sauraron ƙarar ruwan tana canjawa.

Sai na ji an fizge butar.

"Kawo nan kafin ki ƙona mutane," in ji Bulik Tumini.

Kunya ta rufe ni, hawaye suka taru.

"Tumini, mayar mata."

Muryar Bu Sumirah ce.

"Ranar Talata da aka ƙwace buta daga hannun Ningsih, ko abinci kasa ci na yi. Ba ki san da kunne take gane kofi ya cika ba? Ki yi shiru, ki bar yarinya ta ji."

"Ibu..." Galih ya ce, "ashe ba ki kashewa?"

"In ka fita nake kunnawa. Ina ruwanka?"

Har babana sai da ya dara. Na zuba kofi shida, ko ɗigo bai taɓa faranti ba.

Bu Sumirah ta kurɓa, ta matso, ta kama hannuna. Tafinta da kaushi, da ɗumi.

"'Yata, faɗa mini tsakani da Allah. Ningsih za ta auri mai awaran nan?"

"Ban rubuta ba tukuna, Bu... sai abin da uwarsa ta ce."

Ta matse hannuna.

"To je ki rubuta. Uwarsa ta yarda."