Kurar Gidan Modibbo

Washegarin ƙaramar Sallah, gidan namun dajin Modibbo da ke bayan duwatsun Dutse ya cika da jama'a. Tasi'u, ɗan mai gidan, yana ɗauke da damin harawa zai shiga wajen bareyi, sai ya hango wata budurwa ta zura hannu ta cikin shinge tana miƙa wa wata barewa biskit.

"Baiwar Allah, don Allah kar ki ba ta," ya ce a hankali. "Cikinta zai kumbura."

Ta janye hannu da sauri, kunya ta kama ta. "Yi haƙuri. Gani na yi tana kallona kamar mai jin yunwa."

"Haka take yi wa kowa. Maƙaryaciya ce, yanzu ta gama ci."

Dariya ta ƙwace mata, ta rufe baki da gefen mayafi. Ya zaro harawa ya miƙa mata. Barewar ta zo tana ci a tafin hannunta, shi kuwa ya manta da sauran da ke jiransa.

Sunanta Mashkura. Daga Miga ta zo yawon Sallah gidan yayarta Ikilima. Ya zagaya da ita da yayar wajen jimina da gauraki da tsohon kunkuru, yana ba su labarin gidan. Mahaifinsa Modibbo makiyayi ne a da. Wata rana ya haɗu da mafarauta sun kashe barewa, suna riƙe da 'yarta. Ya roƙe su suka bar masa, ya rene ta da nonon saniya. Tun daga nan duk wanda ya tsinci tsuntsu mai karyayyen fiffike ko biri mai rauni, ƙofar Modibbo yake kawowa. Wanda ya warke a mayar da shi daji, wanda ba zai iya ba ya zauna.

"Ba ka jin zafin rabuwa da su?" Mashkura ta tambaya.

"Ina ji. Wani sai na kwana biyu ina leƙa wurinsa."

Kafin su tafi, Ikilima ce ta ba shi lambar ƙanwarta, tana murmushi.

Tasi'u bai yi nisa a boko ba, rubutu a waya yana ɗaukarsa lokaci. Amma kullum bayan sallar asuba sai ya rubuta.

"Sanyin idona, kin tashi lafiya? Jimina ta yi ƙwai. Na so a ce kina nan."

"Mai barewa, kai ba ka da labari sai na dabbobi? Ni fa, ba ka tambayi ko na yi kewarka ba."

"Tsoro nake ji ki ce a'a."

"To ka daina jin tsoro."

Ya je zance Miga sau da yawa a kan babur. Da magana ta kai kunnen mahaifinta Malam Arzika, sai ya yi abin da kowane uba yake yi, ya tura ƙaninsa Nasrullahi ya binciko masa yaron. Mai bincike ba ya bayyana kansa, ba ya kuma tambayar 'yan gida. Kawu Nasrullahi ya shiga cikin masu kallo kamar kowa.

A ranar ne kuwa ma'aikatan gandun daji suka kawo wata kura da suka karɓe daga hannun masu wasa da ita a kasuwa. Ta rame, takunkumi ya ci mata baki har ya yi gyambo. Modibbo ya tafi ɗauko likitan dabbobi, ya bar Tasi'u riƙe da sarƙarta, ga guraye da layun tsofaffin masu ita suna reto a wuyanta. Abin da Kawu ya gani ke nan. Bai tsaya ba, ya juya.

"Yaya, da idona na gan shi," ya ce wa Malam Arzika. "Mai wasa da kura ne. Har da layu."

Malam Arzika ya kira 'yarsa tsakar gida. "Mashkura, ban taɓa yi miki dole ba, ba kuma zan fara ba. Amma ba zan ba ki mutumin da zai riƙa jan kura kasuwa-kasuwa da ganga da surkulle ba. Ki sallame shi."

"Baba, wallahi ba haka ba ne."

"Kawunki ne ya yi ƙarya?"

Ta sunkuyar da kai. Ta juya ta koma ɗaki.

Da yamma ta aika masa: "Baba ya hana. An ce masa kai mai wasa da kura ne. Ba zan saɓa masa ba. In ka ga shiru, ba mantawa na yi ba."

Tasi'u ya karanta a tsaye, ya zauna ya sake karantawa. Ya so ya hau babur ya je ya yi bayani, Modibbo ya hana shi. "In ka je ka ƙaryata dattijo a gidansu, ka ƙara ɓata abin. Ka yi aikinka, ka roƙi Allah."

Damina ta faɗi. Kurar ta fara warkewa, shi kuwa ya fara ramewa. Wani lokaci ya kan tsaya da bokiti a hannu yana kallon hanyar da motocin Miga ke bi, har sai biri ya ja masa riga. Ya ci gaba da rubutu jefi-jefi, ko da ya san ba amsa.

"Gero ya fara fitar da kai a nan. Na san naku ma haka. Ina nan yadda kika bar ni."

A Miga Mashkura tana karantawa ta kife wayar a ƙirji. Wani ma'aikaci mai suna Abdulrauf ya fara zuwa da mota ranar Juma'a. Mutumin kirki ne, ba shi da abin kushewa. Ta kan shimfiɗa masa tabarma, ta amsa gaisuwa, daga nan sai ta rasa abin cewa. Ranar da ya ce zai turo manya, ta shiga ɗaki ta kira Ikilima tana kuka.

Cikin satin nan Malam Arzika ya shigo Dutse sayen taki, ya biya ta gidan Ikilima. Bayan ya sha fura, ta durƙusa.

"Baba, alfarma nake nema. Kafin ka amsa wa Abdulrauf, ka je gidan namun dajin nan da kanka. Ga shi nan kusa."

Shi ma ya lura Mashkura ta daina dariya a gida. Ya ɗauki hularsa.

Ya tarar da samari sun kewaye kejin kurar. Tana kwance a inuwa, ba sarƙa ba takunkumi, sai tabo zagaye da bakinta. Tasi'u yana waje yana zuba mata ruwa ta bututu, bai ga dattijon ba.

"Kai mai kura, tashe ta mana ta yi mana rawa!" in ji ɗaya daga cikin samarin.

"Ku yi haƙuri, nan ba a sa ta komai," Tasi'u ya ce. "Kun ga bakinta? Rawar ce ta ja mata. Ta gama wahala, ku bar ta ta huta."

"To shiga ka kama ta mu gani, in kana da asiri."

"Ni? In na shiga, gobe ku zo ta'aziyya."

Samarin suka fashe da dariya. Malam Arzika ya daɗe a tsaye yana kallon tabon. Da aka kira la'asar, ya bi sahu a ɗan masallacin gidan. Tasi'u ne ya juya bayan sallama ya gan shi, ya matso ya durƙusa.

"Baba, barka da zuwa."

"Tashi. Ina mahaifinka?"

Dattawan biyu suka zauna a gindin tsamiya. Modibbo ya ba shi labarin kurar tun daga ranar da aka kawo ta. Malam Arzika ya girgiza kai.

"Ƙanina bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. Ni ne ban ƙara tambaya ba. Modibbo, ku turo."

Kafin magariba wayar Tasi'u ta yi ƙara. Ya buɗe.

"Yaya Ikilima ta gaya mini. Na karanta duk saƙonninka, ko ɗaya ban goge ba. Na yi kewarka har na gaji."

Bayan an shigar da amfanin gona aka ɗaura aure a Miga. 'Yan rakiyar amarya suka iso gidan Modibbo da guɗa, sai jimina ta leƙo da dogon wuyanta ta saman katanga. Gwaggwanni suka watse da salati, ɗaya har da yar da takalmi. Mashkura tana cikin lulluɓi, kafaɗunta suna girgiza.

"Kuka take yi, Allah sarki," in ji wata tsohuwa.

Tasi'u da ke tsaye can gefe ya san dariya ce.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sada duk mai jira da wanda yake jira.