Sabis a Kan Dutse

Shekara guda Fa'iza tana shirin taron ɗaliban likitanci, tana ɗokin ranar da za ta tsaya gaban cikakken zaure. Sai annoba ta zo, aka rufe makarantu, taro ya koma intanet. Shi ke nan zauren nata ya zama kan wani dutse a bayan gidansu a Doguwa, don nan kaɗai sabis ke kamawa.

Minti goma tana bayani kan saran maciji a gonaki. Ba tafi, ba tambaya. Da ta gama ta manta ba ta kashe makirfo ba, ta yi ajiyar zuciya.

"Allah sarki ni, awaki na yi wa lacca."

"Da awaki da ni," wata murya ta amsa. "Ghali ne daga Bebeji, aji biyar. Ina da tambaya uku."

Kunya kamar ta nutse. Tambaya ukun nan kuwa har aka yi girbi ba su ƙare ba. Kullum bayan la'asar tana kan dutse, shi kaɗai ne abokin hirarta.

Da maganar ta kai kunnen mahaifinta, Baffa, sai ya haɗe rai.

"Ɗan gidan wa? Wa ya san asalinsa? Ni ba na ba wa murya 'ya."

Ya karɓe wayar ya jefa aljihu. Wata biyu Fa'iza ba ta hau dutse ba. Ba ta yi masa musu ba, amma ta rame, gidan ya yi mata faɗi, kewar Ghali ta hana ta sakat.

Wata Juma'a Baffa ya ɗauki sandarsa.

"Uwata, taso ki raka ni."

Mutumin da ciwon gwiwa ya hana shi zuwa gona, shi ne ya hau dutsen nan yana nishi. Ana kunna waya saƙonni suka yi ta shigowa. Ya ce ta karanta masa na ƙarshe.

"Likitata, yau ma na shiga taro na duba sunaye ɗari biyu, babu naki. Idan laifi na yi ki yafe mini. Idan Baffa ne ya hana, zan jira har ya huce."

Baffa ya ce ta kira masa Ghali.

"Kai ne Ghali? To, turo manyanka in gan su da idona."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya Bebeji, Baffa ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ki riƙa kirana bayan la'asar, Uwata. Zan lallaɓa in hau."